Hanyar da ta tsaya a bakin rafi

Likita ce ta ɗora mini tafiyar ƙafa saboda hawan jini, dalilin da ya sa ke nan na san gonakin da ke bayan ɗan garin da muke zaune a arewacin Ingila. A ƙasar nan mutum kan ratsa tsakiyar gonar wani, ya gifta ta gaban garken shanunsa, wani wurin ma har ta tsakar gidansa, mai gona yana kallo ba shi da ta cewa. Sharaɗin dai ƙafarka ta kasance a kan hanyar da doka ta san da zamanta. Ƙasar ta manomi ce, wucewar kuwa ta kowa ce. Irin waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales sun kai kimanin mil 140,000, kuma ana gane su da 'yan kibiyoyi da ake mannawa a jikin turaku: rawaya ta masu ƙafa, shuɗiya ta masu doki da keke, ja ta kowa har da mai mota.

Wadda na fi bi tana tashi ne daga bayan coci, ta gangara bakin wani rafi, ta haye 'yar gadar katako, ta haura ta cikin makiyayar tumaki, ta ɓulla a titin ƙauyen da ke gaba inda ake shiga bas. Da aka sayar da gonar tsallaken rafin, sabon mai ita ya ɗaure ƙyauren da ke bayan gadar da sarƙa da kwaɗo, ya kafa allo cewa wuri ne mai mai shi, babu hanya. Duk mai son zuwa wancan ƙauyen a ƙasa sai ya zagaya ta babban titi, wanda ba shi da gefen masu tafiya, ga kwana mai ɓoye mota.

Manhajar taswirar da ke wayata tana nuna hanyar ɓaro-ɓaro daga coci har tashar bas, don haka a zatona magana ta ƙare, a je a nuna wa hukuma a zo a cire kwaɗo. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, tsohuwar malamar makaranta da ke aikin sa kai da ƙungiyar Ramblers ta masu yawon ƙafa, ita ta ce in mayar da wayar aljihu. Galibin irin waɗannan manhajoji daga zanen 'yan sa kai suke kwasar bayanansu, inda sawu ya bi suke nunawa, ba ruwansu da ko kana da haƙƙin bi. Ta baje taswirar takarda ta Ordnance Survey, hukumar awon ƙasa ta Birtaniya, a kan teburin kicin ɗinta, irin wadda ake kira Explorer mai bango ruwan goro, wadda santimita 4 a cikinta yake daidai da kilomita 1 a ƙasa. Ta ɗora farce a kan coci ta bi wasu gajerun layuka kore har bakin rafi. Daga gadar zuwa gaba koren ya ƙare, sai wasu siraran ɗigogi baƙaƙe da sai ka ƙura ido. Kore, in ji ta, haƙƙin jama'a ne. Baƙi kuwa cewa kawai yake yi masu awo sun ga sawu a wurin. Ta nuna mini wani ɗan rubutu a gefen taswirar da ban taɓa kula da shi ba, inda masu ita suka wanke hannunsu, suka ce ganin wata hanya a zane ba hujja ba ce ta cewa an yarda a bi ta.

Ashe su ma koren ba su suke ƙirƙirarsa ba. Kwafowa suke yi daga wata taswira da ke hannun majalisar kowace gunduma, wadda doka ta ɗauka ita ce tabbatacciya. Na nemi a ba ni lokaci na je ofishin majalisarmu na gan ta. Wani jami'i ya buɗe mini ita a kwamfuta, sannan ya ɗauko tsohuwar ta takarda, wadda aka zana a kan ma'aunin inci 6 a mil ɗaya. Layin hanyarmu da alƙalami aka ja shi da hannu, ga lambarta a gefe, ya zo bakin rafi ya tsaya cik. Kaurin layin kansa abin lura ne. A wannan ma'auni milimita ɗaya ta haura mita 10 a ƙasa, saboda haka idan hannun mai zane ya ɗan karkace shekara saba'in da suka wuce, yau hanya tana iya kasancewa ta wancan gefen katanga a doka alhali kowa ta wannan gefen yake bi.

Dalilin tsayawar layin shi ne rafin nan iyaka ce tsakanin ƙauyuka biyu. Bayan doguwar gwagwarmayar ma'aikatan birane masu neman wurin shan iska a ƙarshen mako, wadda ta haɗa da hawan gangami kan tudun Kinder Scout a 1932 da ya kai mutum 5 kurkuku, majalisar dokoki ta yi dokar 1949 da ta wajabta wa gundumomi su rubuta duk hanyoyin jama'a. A farkon shekarun 1950 aka bar wa majalisun ƙauyuka aikin zagayawa su lissafa nasu. Ƙauyenmu ya rubuta rabinsa, na tsallake bai rubuta nasa ba. Jami'in ya ce irin wannan ta cika ƙasar: wani wurin mantuwa ce, wani wurin sun ga abin da kowa ya sani ba ya bukatar rubutu, wani wurin kuma mai gonar ne da kansa yake zaune a majalisar ƙauyen. Hankali dai ba zai ɗauka ba a ce mutane sun yi ta gangarowa daga coci shekara da shekaru don kawai su taɓa gada su juya.

Ya yi mini bayanin ƙa'idar da komai ya rataya a kanta. Duk abin da ke cikin tabbatacciyar taswira ya tabbata, ba a jayayya da shi. Amma rashin ganin hanya a ciki ba ya nufin babu ita, domin a dokarsu hanyar da ta taɓa zama ta jama'a tana nan a matsayinta har sai an rufe ta da umarnin hukuma, ko da ciyawa ta cinye ta. Dokar 1981 ta ba kowa damar ya nemi a gyara taswirar, ba sai lauya ba, ba sai ɗan ƙasa ba, kuma ba a biyan kuɗin nema. Hujja kawai ake so, ita kuma iri biyu ce: ko dai tsofaffin takardu, ko shaidar mutanen da suka bi hanyar shekara 20 a jere kafin ranar da aka tare ta, kamar yadda dokar hanyoyi ta 1980 ta tanada. Ya ƙara da abin da na riƙe sosai. Ba za a duba ko hanyar tana da amfani ba, ko babban titi yana da haɗari, ko mai gona zai cutu. Tambaya ɗaya ce, haƙƙin yana nan ko ba ya nan.

Muka fara da mutane, bisa shawarar dattijuwar, wadda ta ce takarda za ta jira mu amma tsofaffi ba su da wannan alkawari. Majalisa tana da fom na musamman: yaushe ka fara bi, sau nawa a wata, a ƙafa ko a kan doki, ina za ka, ka taɓa ganin allo ko kwaɗo, an taɓa mayar da kai, ka taɓa neman izini. A bayan fom ɗin akwai 'yar taswira da mutum zai ja layin hanyar da hannunsa ya sa hannu. Muka roƙi ɗakin taron coci wata Asabar, aka dafa shayi, muka manna sanarwa a kanti da tashar bas. Ni shekaruna a garin ba su kai 20 ba, amma an ce in cika nawa, don ba dole ne mutum ɗaya ya cike shekarun duka ba, a dai samu jama'a suna bi ba yankewa.

Akwai wani tsoho da ya zo da sandarsa da karensa, ya haura tamanin, ya san kowane dutse na wannan makiyaya. Tun yana yaro yake bi, da bakinsa ya faɗi shekarar da aka sauya katakon gadar. Ina rubuta masa saboda hannunsa yana rawa, raina fes, har muka zo tambayar izini. Sai ya gyara zama ya ce ai marigayi mai gonar abokinsa ne, tare suka yi makaranta, kuma ya sha gaya masa ya wuce duk lokacin da ya ga dama. Na ɗaga kai na dubi dattijuwar, ta ɗan runtse ido. Bin da doka take ƙirgawa shi ne wanda aka yi ba da ƙarfi ba, ba a ɓoye ba, kuma ba da izini ba. Wanda aka ce masa bismillah baƙo ne, alfarma aka yi masa, kuma alfarma ba ta zama haƙƙi ko ta shekara ɗari. Haka muka rubuta yadda ya faɗa, muna ji muna gani shaidar da ta fi kowace tsawo ta zama mafi rauni. Haka ta wanda ya taɓa yi wa gonar aikin shinge, da ta mai kai wasiƙu. Waɗanda suka fi amfani su ne mutanen da mai gona bai ma san sunansu ba: matar da ta yi shekaru tana ratsawa ta kama bas zuwa aikin asibiti, da wasu da suka bi ta zuwa makaranta, yanzu kuma suke bi da jikoki.

Wurin jan layi ma an sha kallo. Yawancinsu sun ratsa makiyayar a karkace daga gada zuwa ƙyauren sama, wasu kuma suka bi jikin katangar dutse, suka ce nan ake bi in ƙasa ta yi caɓi. Zuciya tana raya maka ka kama hannun mutum ka daidaita masa. Jami'in ya riga ya gargaɗe mu kada mu kuskura, domin fom ɗin da duk suka zo da layi iri ɗaya kamar an buga da inji su ne lauyan mai gona zai fara yagawa. Sai dai kuma idan layukan suka watse da yawa, za a ce yawo mutane suke yi a fili, ba hanya suke bi ba.

Takardun tarihi sun fi cin lokaci, amma ni sun fi yi mini daɗi. Babban ɗakin karatu na Sikotilan ya ɗora tsofaffin taswirorin Ordnance Survey a intanet kyauta, har za ka iya jera ta zamanin Sarauniya Biktoriya kusa da hoton tauraron ɗan'adam na yau. Hanyarmu tana nan a ta ƙarshen ƙarni na 19, da gadarta, ta haye rafi ta wuce abinta. Wannan ya nuna ta daɗe, bai nuna ta jama'a ce ba, don tun wancan zamanin masu awon suke rubuta wancan wanke hannun. A ɗakin adana tarihin gunduma, inda ba a shiga da biro sai fensir, aka warware mana taswirar ushirin coci ta shekarun 1840, ƙatuwa kamar tabarma, ana danne gefunanta da 'yan jakunkuna masu nauyi. Ba ta ce komai a kan hanyar ba. Masu ita amfanin gona ya dame su.

Abin da ya fi nauyi daga Landan ya fito, a babban ɗakin adana takardun ƙasa da ke Kew. Dokar haraji ta 1910 ta sa an kimanta darajar kowane fili a ƙasar, kuma duk wanda hanyar jama'a ta ratsa gonarsa yana iya neman a rage masa kima. A littafin mai kimantawa, a shafin wannan gona, ga ragin nan an rubuta da tawada. Wato mai gonar na wancan lokaci da kansa ya amsa wa hukumar haraji cewa jama'a suna da hanya a filinsa, tunda amsawar tana rage masa biya. Illarta ɗaya, littafin bai faɗi wace hanya ba ce, sai dai mu nuna cewa babu wata da ke ratsa wannan fili in ba tamu ba. Muka kuma duba rajistar da masu filaye suke ajiye sanarwar cewa ba su da niyyar bayar da wata sabuwar hanya. Sabon mai gonar ya ajiye tasa bayan ya saya, tsohon bai taɓa ba. Sanarwar tana tsayar da ƙirga daga ranarta zuwa gaba ne, ba ta goge shekarun da suka riga suka cika.

Doka ta ce mai nema shi zai sanar da duk mai fili da mai haya da abin ya shafa, sannan ya ba majalisa takardar shaidar ya yi hakan. Na biya 'yan fam kaɗan a ofishin rajistar filaye na samo sunan mai gonar. Ana iya aikawa ta gidan waya, amma na ga rashin ladabi ne a ce muna gari ɗaya ya tsinci takarda a akwati, sai na kai masa da kaina. Na same shi yana gyaran tarakta. Bai yi mini tsawa ba. Ya goge hannu ya karanta, ya ce lokacin da zai saya lauyansa ya bincika taswirar nan tamu ta majalisa, aka ce masa babu hanya, a kan haka ya ci bashin banki. Ya ce a bazarar farko karen wani mai yawo ya yi masa ɓarna a cikin tumaki masu ciki, an sha bar masa ƙyaure a buɗe, ga ledoji da gwangwanaye. Ya tambaye ni, in ni ne fa? Ban da amsar da za ta gamsar da shi, kuma har yau ina ganin shi ma taswirar ta cuce shi kamar yadda ta cuce mu. Ya dogara da takardar hukuma, ita kuwa takardar ba ta taɓa yin alkawarin cewa ta cika ba.

Da na ba mahaifina labari a waya dariya ya yi, ya ce, "Kai da ka tafi Turai aiki, ashe rigimar burtali ka je ka tarar." Na ce, "Wallahi Baba ita ce, sai dai su nasu a rubuce yake." Ya ce namu ma ai an rubuta, tun dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ake rubutu, amma je ka ga inda burtalin bayan gonarsa yake a da, gero ne a wurin yanzu. Gonarsa tana bakin burtali, don haka ya san zafin ɓarnar dabba, ya kuma san abin da ke biyo baya in aka toshe wa makiyayi hanya.

Amfanin shiga taswirar na gan shi da idona a wannan tsakanin, a ɗaya rabin hanyar da ke rubuce. Wani manomin ya yi huɗa ya haɗa da ita ya shuka alkama. Doka ta yarda ya nome hanyar da ta ratsa tsakiyar gona, amma cikin kwana 14 dole ya mayar da ita yadda za a gan ta a bi, faɗin mita ɗaya in ta ƙafa ce, mita 2 in ta doki ce. Na cika ɗan fom a shafin majalisa, na sa lambar hanyar da hoto. Ba a daɗe ba ya bi ta da tarakta ya fitar da layi. Babu shaidu, babu zuwa Kew. Lamba kawai gare ta.

Namu kuwa muka haɗa komai, fom-fom na shaidu, hotunan takardu, taswira mai ma'aunin da doka ta gindaya da layinmu a kai, muka miƙa. Aka ba shi lamba, aka sa shi a rajistar da kowa zai iya dubawa a intanet, aka kuma gaya mana gaskiya cewa layin yana da tsawo, akwai buƙatun da suka shekara da shekaru suna jira, ma'aikatan sashen kuma ba su da yawa. Ba gundumarmu kaɗai ba ce. A 2020 'yan sa kai na Ramblers sun gwada tsofaffin taswirori da na yanzu, suka gano sama da mil 49,000 na hanyoyin da mai yiwuwa sun faɗi a wajen rubutu. Dokar 2000 ta sa ranar 1 ga Janairun 2026 a matsayin wa'adin da duk tsohuwar hanyar da ba a nema ba za ta mutu, daga baya aka ɗaga zuwa 2031, sannan a ƙarshen 2024 gwamnati ta ce za ta soke wa'adin gaba ɗaya. Tsoron wannan wa'adi ya sa buƙatu sun yi ta kwarara ofisoshin da dama can a cike suke.

Idan wata 12 ya wuce majalisa ba ta yanke hukunci ba, mai nema yana da damar kai kuka ga minista, ta hannun hukumar sufetocin tsare-tsare, a sa wa majalisar wa'adi. Mun rubuta, mun kafa hujja da shekarun shaidunmu, don biyu daga cikinsu sun riga sun rasu, sai fom ɗinsu. Sufeto ya amince ya ba majalisa lokaci, jami'in kuma ya fara kiran waɗanda suka rage ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tambayoyi a gidajensu.

Ko sun yarda da mu, da sauran tafiya. A matakin farko abin da ake bukata shi ne a ga iƙirarin yana da madogara ta hankali, sai a fitar da umarni, a buga a jarida, a manna a bakin hanyar, a ba da aƙalla kwana 42 ga mai ƙorafi. Mai gonar ya riga ya gaya mini zai yi, kuma haƙƙinsa ne. Daga nan magana ta bar hannun majalisa ta koma gaban sufeto, wanda zai iya kiran zaman sauraron jama'a, a tsayar da tsofaffin nan lauya ya yi musu tambayoyi, kuma a can sai hujjarmu ta rinjayi tasa a ma'auni. In an tabbatar, majalisa ta gyara taswirarta ta aika wa Ordnance Survey, koren layi ya fara fitowa a intanet, ta takarda kuwa sai bugu na gaba.

Wasu matasa sun ce a je da almakashin ƙarfe a datse sarƙar a huta. Mun hana, domin muddin hanyar ba ta shiga rubutu ba majalisa ba za ta tsaya wa kowa ba, kuma shiga da ƙarfi ba ya cikin bin da doka take ƙirgawa. Abin da muka yi shi ne rubuta wa masu kula da manhajar wayar su sa alamar cewa ƙyauren a kulle yake, saboda baƙi masu zuwa daga birni da ke bin shuɗin ɗigon taswirar wayarsu har gada, wasu su haura katanga su ja wa kowa magana. Sun gyara cikin mako guda. Zaman sauraron kuma dattijuwar ta ce in fara shiri tun yanzu, ni za a fara kira tunda sunana ne a kan takardar.